Akwati na Huɗu a Hanyar Kalambaina

Ranar Talatar da ta wuce na tsaya a gefen titi kusa da Ƙofar Taramniya ina kallon wasu matasa biyu suna haɗa wayar faiba. Sun shimfiɗa tabarma a inuwar motarsu, sun ɗora na'urar haɗi a kan kwali. Ɗayansu ya fere zaren, ya yanke, ya saka, ya danna maɓalli. Na'urar ta yi ƙara, ta nuna masa lamba, ya gyaɗa kai. Duk aikin bai kai minti biyu ba. Sannan ya ɗauki ragowar zaren ya naɗe a ɗan yatsansa, ya zare naɗin, ya cusa cikin akwati.

Na ce masa, "Samari, buɗe naɗin nan ya kai faɗin gwangwanin madara."

Ya dubi furfurata, ya dubi abokinsa, ya yi dariya. "Baba, wagga ta zamani ta. Ko ga biro anka naɗe ta ba ta jin komi."

Rabin maganarsa gaskiya ce. Zaren da ake ƙerawa yanzu ya fi na zamaninmu jure lanƙwasa, kuma na'urar da ke gabansa tana gama abin da mu sai mun ɓata rabin sa'a muna leƙe ta madubi. Abin da bai lura da shi ba, sabon zarensa yana haɗe da tsohon da ke kwance a ƙasa tun yana goye, kuma hasken da ake turawa ciki yau ya fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba. Ban tsaya gardama a bakin titi ba. Na dawo gida na rubuta wannan domin shi da ire-irensa.

Ga wanda bai san aikin ba, faiba zare ne na gilashi, kaurinsa kamar gashin kai, an lulluɓe shi da roba mai launi. Ba wutar lantarki ke gudu a cikinsa ba, haske ne, kuma hasken ne ke ɗauke da magana. Ido ba ya ganin wannan haske. Mutum zai leƙa bakin zaren ya ga duhu, alhali cikin idonsa na ƙuna. Ƙwayar ƙura guda idan ta zauna a bakin zare, haske mai ƙarfi yana iya toya ta har ta huda gilashin. Waɗannan an koya muku su. Abin da zan faɗa shi ne wanda ni ban koya ba sai a gadirum, ɗakin tsare mutane na barikin soja.

Aikina na farko a sana'ar tarho wani haɗi ne a bayan kasuwa, a shekarun da kuɗin mai suka fara malalowa. A lokacin kowane attajiri a Sakkwato yana son tarho a shagonsa da gidansa, ana haƙa ramuka ko'ina, kuma babu wayar da muka sani sai ta jan ƙarfe. An haɗa ni da Malam Haliru, babban mai haɗin waya na yankinmu. Muka buɗe kebul mai kaurin damtse, ciki waya ɗari biyu, kowace da abokiyar tafiyarta. Idan ka kuskure biyu kawai, gobe wani Alhaji mai atamfa zai ɗaga tarho ya ji mai hatsi yana faɗa wa yaronsa farashin gero a Illela, kuma kafin azahar su biyun suna tsaye a kanka. Kayan aikinmu wuƙa ne, da almakashi, da fitilar narka dalma, da tsumma mai maiƙo na shafe dalmar, da dunƙulen zaren da aka sha da kakin zuma. Idan Malam Haliru yana son sanin ko waya na da wuta, sai ya jiƙa yatsa biyu da yawu ya taɓa.

Haɗi kowa yana iya koya cikin wata uku. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo a wurin Malam Haliru shi ne ɗauri. Wayoyi su taho a miƙe, su karya kwana kamar kusurwar allo, a matse su da zaren kaki duk bayan yatsa biyu, ƙulli bisa ƙulli a layi ɗaya. Ba ya yarda a ga waya guda ta yi ciki ko ta yi lilo. Haɗin bayan kasuwar nan sau uku ina gama ɗaurinsa, sau uku yana sa almakashi ya tsinke.

"Ladan," in ji shi, yana ɗaga aikina da yatsa biyu, "wanga ɗauri na, ko sheƙar ɓera? Wanda za shi buɗe akwatin ga bayan ka mutu, mi kaka son shi ce?"

Akwai dalili a cikin tsananinsa. Wayar jan ƙarfe idan ta yi sako-sako tana gogar ƙarfen akwati har ta fere, kuma mai neman matsala ba ya iya bin sawunta. Matsattsen ɗauri ba ya cutar da ita. Na shekara kusan ashirin ina wannan aiki. Da Malam Haliru ya yi ritaya, laƙabinsa ya dawo kaina, ana ce mini Sarkin Ɗauri, kuma ban taɓa hana kowa faɗa ba.

Faiba ta iso mana a shekarun ƙarshe na mulkin soja. Layin farko da aka shimfiɗa ya tashi daga babban ofishin tarho a cikin gari, ya bi hanyar Kalambaina har zuwa tashar dogon ƙarfen sadarwa. A tsakani akwai akwatunan haɗi goma sha huɗu a gefen titi. Wasu 'yan kwangila suka ba mu horo na mako biyu: kada a leƙa, a goge bakin zare da barasar asibiti, kada a matsa lanƙwasa. Na tambayi ɗayansu iyakar lanƙwasar, ya ce mita za ta faɗa mini. Idan hasken da ya ɓace bai wuce kaza ba, aiki ya yi. Faya-fayan roba masu zagaye da ya kamata a kwantar da ragowar zare a ciki ba su iso da wuri ba, ranar buɗe layi kuma an riga an sa ta. Sai aka ce mu yi amfani da tsofaffin akwatunanmu na ƙarfe, waɗanda aka ƙera domin jan ƙarfe, sirara, ba wurin yin zagaye.

Ni na yi dukkan goma sha huɗun. Na kwantar da zaren a miƙe, na karya masa kwana a hankali yadda ba zai tsinke ba, na ɗaure da zaren kaki duk bayan yatsa biyu. Na auna, mita ta ce lafiya. Injiniyan yankinmu ya riƙa kawo baƙi yana buɗe musu akwati na ɗaya su ga aiki. Layin ya yi kusan shekara biyu bai yi ko tari ba.

Daga nan aka yanke shawarar miƙa layin zuwa wani gari mai nisa ta wajen iyaka. A hanya babu wutar da za ta riƙe tashar tsakiya, don haka aka kawo na'urar ƙara ƙarfin haske aka girka a ofishinmu, domin hasken ya kai can da kansa. An kuma sauya irin hasken. Dukkansu ba a gani, amma sabon ya fi tsohon saurin zurarewa a wurin lanƙwasa. Wannan ban sani ba a lokacin. 'Yan kwangilar suka auna daga farko zuwa ƙarshe, suka ga hasken da ke isa ya ɗan gaza abin da suka zata amma ya wadatar, suka sa hannu suka tafi. A kan wannan layi aka ɗora tarhon bariki da na gidan gwamnati.

Shekarar ba ta da daɗi. Ana ta raɗe-raɗin an gano masu shirin juyin mulki, ana kama mutane ba a faɗin inda aka kai su. A ofis mun daina hira a kusa da tarho, mu da muka fi kowa sanin yadda ake saurare.

Yankewar farko ta zo ne a tsakiyar bazara, wajen ƙarfe biyu na rana, a akwati na ɗaya. Kafin in isa, motar soja ta riga ni. Na buɗe, na ga zaren ya tsinke daidai kan kwana, robarsa ta yi baƙi kamar an ɗora mata kan taba sigari. Wani saje yana tsaye a bayana da bindiga yana tambaya minti nawa ya rage. Ban samu damar yin ado ba. Na yanke wurin da ya ƙone, na haɗa, na bar ragowar zaren ya yi lilo yadda ya ga dama, na tura murfi. Na ji kunyar aikin, na ce zan dawo in ɗaure, ban samu sukuni ba.

Bayan kwana goma sha ɗaya akwati na biyu ya yanke. Baƙin tabo iri ɗaya, a kan kwana. Bayan mako biyu, na uku. Wanda ya dubi taswira zai ga abu guda: wani yana tafe daga ofis zuwa Kalambaina, yana buɗe akwati bayan akwati yana ɗora wuta. Mutum uku ne ke da mabuɗi: Injiniya, da ni, da Altine.

Altine shi ne mai sintirin layin. Kowace safiya yana hawa babur ya bi akwatunan ya duba ko an taɓa su ko akuya ta tone gindinsu. Mutum ne mai barkwanci, ɗan Ƙofar Taramniya, matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu. Kuma yana shan taba. Ranar da akwati na uku ya yanke, sajen ya laluba aljihunsa ya fito da kwalin sigari da ashana. A nan gefen titi suka jefa shi mota. Baburinsa ni na tura zuwa ofis.

Washegari mahaifinsa, tsoho mai sayar da hatsi, ya same ni a ƙofar ofis. Bai zauna ba.

"Ladan, kai ka aiki da shi. Mi ɗana yay yi?"

Na ce, "Baba, ana bincike."

"Na tahi bariki, sun ce babu mai wanga suna. Na kai tuwo, sun ce in koma da abina. In taba ta, ai ni ma na hana shi bai bari ba. Ana kashe mutum don taba?"

A lokacin ni kaina ban rantse Altine bai yi ba.

Kwana tara da kama shi aka ce a bi sauran akwatunan a duba, tare da rakiyar soja. Na buɗe akwati na huɗu da misalin ƙarfe ɗaya. Layi na aiki, ɗaurina na nan yadda na bar shi. Sai na lura ƙullin da ke kan kwana yana sheƙi. Kakin ya narke ya gangaro, ya daskare kamar hawaye, alhali ƙullin da ke gabansa da na bayansa ƙalau suke. Robar zaren, wadda shuɗiya ce, ta koma ruwan ƙasa a daidai wurin. Na kai bayan ɗan yatsana kusa. Duk cikin akwatin da zafi, ƙarfe ne a rana, amma zafin wannan wuri daban yake. A akwati na biyar robar ta ɗan dushe kawai. Na shida babu komai.

A kan hanyar komawa na haɗa lissafin. A kowace kwana da na karya, haske yana zurarewa ya shiga roba, roba ta sha shi ta yi zafi. Da tsohon haske abin bai kai ya yi lahani ba. Da sabon, roba tana dahuwa a hankali, rana tana taya ta, har ta ƙone gilashin ya tsinke. Akwatin da ya fi kusa da na'ura shi ke shan mafi yawa, shi ya fara mutuwa. Da na gyara shi na bar zaren sako-sako, sai hasken ya wuce da ƙarfinsa ya faɗa wa na biyu. Babu wanda ke tafe a kan hanyar Kalambaina da ashana. Wuraren da na yi aikin kunya su ne ba su sake yankewa ba.

Na shiga ofishin Injiniya na rufe ƙofa na faɗa masa.

"Wa ka faɗa wa?"

"Kai kaɗai, Yallaɓai."

"To ka bar shi a nan. Gobe ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka sassauta. Ka ce gyaran yau da kullum ne. Layi ya zauna lafiya, kowa ya huta."

Na ce, "Idan layi ya zauna lafiya daga ranar da aka kama Altine, me Manjon da ke bincike zai ce?"

Ya san amsar. Gyara a ɓoye shi ne shaidar da ake nema a kan Altine. Da na juya zan fita ya ce, "Ni na sa hannu a kan aikin nan, Malam Ladan. Kai ma kana da iyali. Waɗannan mutanen ba su san bambancin kuskure da zagon ƙasa ba."

Bayan la'asar na je gidan Malam Haliru. Na same shi a zaure, idonsa ya fara rauni. Na zana masa abin da yatsa a ƙasa. Ransa ya ɓaci.

"Shekara talatin ina ɗauri, ɗaurina bai taɓa cin waya ba."

"Malam, wannan ba waya ba ce. Gilashi ne."

"To wa ya aike ka ka yi ma gilashi ɗaurin waya?" Ya murza carbi. "Yaron ga, ɗan mai hatsi, shina can?"

"Yana can."

"Kai kuma kana nan kana sha min iska ga zaure. In kat tahi, ka tahi da tsohuwar riga."

Da safe na sa tsohuwar riga, na gaya wa maiɗakina inda takardun gida suke, na tafi bariki. Na yi sa'a uku a benci kafin a shigar da ni wurin Manjon da ke riƙe da binciken. Mutum ne siriri, mai magana a hankali, Hausarsa ba ta nan ba ce. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba.

"Wato haske ne ya ƙone waya."

"E, Yallaɓai."

"Hasken da ba a gani."

"E, Yallaɓai."

"Nawa dangin mai tabar suka ba ka?"

Na ce ba su ba ni komai ba, kuma idan ya zo akwati na huɗu zai gani da idonsa. Ya zo. Ya duƙa ya dubi kakin, ya kai yatsa, ya janye. Ya ce wanda ke da mabuɗi zai iya yin wannan da ashana jiya. Sannan ya tambaye ni, idan aka bar shi haka, zai yanke da kansa? Na ce zai yanke. Ya ce yaushe? Na ce ban sani ba, wataƙila kwana uku, wataƙila goma.

"Ina da rediyon oba-oba, zan iya rasa tarho na sa'a biyu," in ji shi. Ya sa aka kawo sabon kwaɗo, ya kulle akwatin da hannunsa, ya jefa mabuɗin a aljihu, ya ajiye soja biyu su yi gadi dare da rana. "Na ba ka mako guda. Idan ya yanke a kulle, ku biyun za ku tafi gida. Idan bai yanke ba, to ku biyu ne, kuma ba a nan za a ci gaba da tambayarku ba."

Daga nan aka kai ni gadirum. Ɗaki ne mai taga ɗaya a sama, da ƙofar ƙarfe mai sanduna da ke kallon teburin kofur. A kan teburin akwai rajista da baƙin tarho. Altine yana zaune a kusurwa. Gefen fuskarsa na hagu ya kumbura, akwai busasshen jini a kunnen. Da aka turo ni ya daɗe yana dubana.

"Sarkin Ɗauri, kai ma taba kaka sha?"

Na zauna na faɗa masa komai. Sai da na maimaita, domin na fara ta gefen hagunsa, ya ce in zagayo. Da ya gane, bai zage ni ba. Ya jingina kai da bango ya ce, "Wato yanzu rayuwarmu na ga aikinka shi lalace. Kai da aikinka ba shi lalacewa. Mun shiga uku."

Kwana na farko da na biyu rana ta yi yadda muke so. Ɗakin kamar tanda, muna zufa muna godiya. Duk lokacin da tarhon teburin ya yi ƙara, mu biyun sai mu ɗaga kai, kofur ya ɗauka ya yi magana, mu sunkuya. Ban taɓa sanin tarho yana ƙara sau da yawa haka a yini ba. Ina zaune ina lissafin abin da ban da ma'auninsa: kaurin robar da ta rage, zafin ƙarfe da tsakar rana, ko buɗe akwatin da muka yi sau biyu ya shayar da shi iska. Na kuma tuna wani abin da ban faɗa wa Manjo ba. A akwati na huɗu wurin ya ɗan fi faɗi, kwanar da na karya a can ba ta kai ta sauran tsanani ba.

A kwana na uku aka fitar da wani mutum daga ɗakin da ke kusa da namu, aka sa shi a mota mai rufi. Takalmansa sun kwana biyu a bakin ƙofa kafin wani ya kwashe.

A kwana na huɗu hadari ya haɗu ta gabas. Iska ta taso mai sanyi, ta shigo ta tagar sama da ƙanshin ƙasa. Sojoji a waje suna murna. Kofur ɗin, ɗan manoma ne daga wajen Gwadabawa, ya leƙo ya ce mana bana da alama shuka da wuri. Altine ya ce masa, "Allah shi ba da damina mai albarka, Kofur, amma don Allah a jinkirta ta zuwa Juma'a." Kofur ya yi dariya, bai san ba wasa ba ne. An yi yayyafi kaɗan, gari ya yi lumshi har washegari.

Kwana na biyar rana ta dawo da rabin ƙarfinta. Manjo ya wuce ta gaban ƙofarmu, bai tsaya ba, ya ɗaga mana yatsa biyu.

A kwana na shida gari ya waye babu gajimare ko ɗaya. Kafin hantsi bango ya yi zafin da ba a jingina. Muka yi azahar da taimama. Wajen ƙarfe uku tarho ya yi ƙara, kofur ya ɗauka, ya miƙe tsaye, alamar babba ne a layi. "Yes sa. Yes sa. Buhu nawa, sa?" Ya saurara. "Halo? Halo, sa?" Ya dubi kan tarhon, ya buga maɗorinsa sau uku da yatsa, ya mayar kunne, ya busa ciki. Altine bai ji ba, kunnensa mai kyau yana wajen bango. Na kama gwiwarsa na nuna masa kofur.

Cikin rabin sa'a aka sa mu a mota zuwa hanyar Kalambaina. Sojojin gadi suka rantse ko akuya ba ta matso ba. Manjo ya duba kwaɗonsa, ya buɗe da kansa. Warin ƙonanniyar roba ya fito. Zaren ya rabu biyu a kan kwana, bakinsa baƙi, zaren kakin ya ƙone ya bar toka, sauran ƙulle-ƙullena suna jere a layi ɗaya ba abin da ya same su. Ya daɗe a duƙe.

"Saura nawa irin wannan?"

"Goma, Yallaɓai."

"Kai ka yi su duka?"

"Ni na yi su."

"Aiki mai kyau," in ji shi, kuma har yau ban san yadda yake nufi ba. "Gyara wannan yanzu. Sauran kafin Litinin." Ya juya ga saje ya nuna Altine. "Wannan a kai shi gida."

Na gyara na huɗu a gabansu, sai da na sake yanka sau biyu. Kwana uku na bi sauran goman da almakashi ina tsinke ɗaurina, ina buɗe kowane zare ya yi zagaye mai faɗi, inda akwati ya ƙi sai in sa maƙeri ya ƙara masa ciki. An ba ni takardar tuhuma, an hana ni ƙarin girma shekara uku. Injiniya bai sake yi mini maganar ba, ni ma ban yi masa ba. Layin bai sake yankewa a kwana ba har na bar aiki.

Don haka, ku masu na'urar minti biyu, lambar da take nuna muku gaskiya ce, amma gaskiyar ranar ce kawai. Tana faɗa muku hasken da ya wuce, ba ta faɗa muku inda wanda ya ɓace ya tafi ba. Yana nan cikin roba yana aiki. Ba ku san ƙarfin da wani zai ɗora wa layin bayan shekara biyar ba, yana zaune a wani ofis bai taɓa ganin akwatinku ba. Kafin ku rufe murfi, ku duba launin roba a kan kowace lanƙwasa. Idan kun gaji tsohon akwati kuka ga aiki ya yi kyau ƙwarai, a miƙe, a matse, ku fi jin tsoronsa.

Altine bai koma sintiri ba. Wanda ba ya jin mota ta hagunsa ba ya hawa babur a hanyar manyan motocin siminti. Ya karɓi rumfar mahaifinsa, yana nan yana auna gero, ya kuma daina taba. Duk ranar da sabis ya ɗauke a kasuwa, idan na biyo, sai ya ɗaga wayarsa sama ya ƙwala mini kira, "Sarkin Ɗauri, kai na?" Mutane su yi dariya, ba su san mafarin ba. Ni kuma sai in zagaya buhunan, in zo ta damansa, sannan in amsa.